Sunan Ɗan Fari a Bangon Luksor

Tun da aka fara sassaƙa waɗanda ba a ga gawarsu ba a bangon tsohon haikalin matattu na Luksor, doka ɗaya ce: duk shekara wani na jini ya zo ya kira sunan mamacin, in ba haka ba dutse ya shafe shi.

Tabawa ta iso da hantsi daga Gumel. Bara ɗanta na fari ya nutse a teku. Ta sami siffarsa a jikin bangon, can ƙasa, cikin jerin masu kai wa Fir'auna gurasa da agwagi, shi kaɗai da hula. Kunnensa ɗaya ya riga ya shafe.

Mai gadin, wani dattijo Bahaushen Sudan, ya ce, "Hajiya, kira shi."

"Yaron nan," in ji ta.

"Dutse bai san yaron nan ba. Sunan yanka."

"Haba Malam, ɗan fari ne fa. Shekara talatin da huɗu ban taɓa faɗa ba."

Ya nuna mata wani gurbi kusa, sumul kamar faranti. "Uwar wannan ma mai kunya ce."

Tabawa ta dubi hagu da dama, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kai bakinta jikin dutsen.

"Hambali."

Sunan ya fito mata a karkace, kamar na baƙo. Ta sake faɗa, ta kuma sakewa. Mai gadi ya ce sau ɗaya ya isa. Ba ta ko ji shi ba.