Cikin da Ya Kwanta

"Inna, ba jariri ba ne," in ji likita, tana nuna wa uwar mijina hoton cikina. "Ƙari ne a mahaifa. Sai an yi aiki."

Inna ta gyara mayafi. "Likita, kwanciya cikin ya yi. A Unguwar Hajji mun sha gani."

Shekara da shekaru marata na murɗawa duk wata, har in yi rarrafe a tsakar gida. Sai a ce raki ne, a miƙo mini jiƙon kanwa. Amma da cikina ya fara tasowa, Inna ta karɓe taɓarya, ta hana ni zuwa rijiya. Maigidana ya sayo ɗan rago, damina biyu yana ba shi dusa, yana jiran ranar suna.

Ragon aka kai kasuwar Rogo, da kuɗinsa aka yi mini aikin.

Ɗinki ya warke, ciwon ya tafi, karo na farko tun ina budurwa. Mata suka cika gidan. "Sannu, Allah ya ba da rayayye." Na sunkuyar da kai kada su ga murmushina.

Inna ta share hawaye, ta jingine mini taɓarya a bakin ƙofa.