Fim ɗin Ƙofar Baya a Gaban Alƙali

Minti ashirin kacal Valdirene ta iya zama a sinimar. Ta miƙe, ta bi ta kan ƙafafun mutanen layinta ba ko sannu, ta fito cikin zafin ranar birnin Salvador.

Fim ɗin na zane ne, amma ba na yara ba. Sunansa Ƙofar Baya. An zana wata baƙar 'yar aiki da leɓe kamar faranti, idanu warwaje, tana washe baki ko marinta aka yi. Iyayen gidanta farare kuwa aladu ne cikin kwat da sarƙar zinariya. Mutane sai ƙyaƙyata dariya suke yi.

Valdirene lauya ce. Shekara goma sha biyu tana maka masu cin zarafin baƙar fata a kotu, ta ga abin da ya fi wannan muni. Amma wannan 'yar aikin tana ɗingishi da ƙafar hagu. A gwangwanin madara take shan ruwa, don an hana ta taɓa kofin gidan. Ɗakinta na bayan wurin wanki, ba taga. Uwar Valdirene ce sak, Dona Nilzete, wadda ta yi shekara talatin da ɗaya tana bauta a gidan iyalin Sampaio.

Ba a rubuta sunan mai zanen a ko'ina ba, Valdirene kuma ba ta buƙaci a rubuta ba. Otávio, ɗan gidan, wanda uwarta ta yi renonsa, a São Paulo ya karanci zane.

Ta same shi a shagonsa na sayar da hotuna, gaban masu ciniki.

"Matar da ta wanke maka kashi, ita ka mayar abin dariya ko?"

"Ni?" Fuskarsa ta yi ja. "Kin ga yadda aka zana tawa uwar? Alade da jan baki. Kwananta uku ba ta leƙa waje ba. In kin gano shi ki faɗa mini, ni ma nemansa nake."

Ba ta yarda ba. 'Ya'yan gidan nan tun suna ƙanana suka iya fasa tangaran su ce 'yar aiki ce.

A gida ta tarar da Dona Nilzete a teburin kicin tana fiƙe fensir da wuƙa, kamar yadda ta saba in ta sauke tukunya.

"Mama, sun ci mutuncinki a gaban gari duka."

"Kin kalla har ƙarshe?"

"Allah ya kiyaye."

"To zauna ki ci, waken na hucewa."

Wannan haƙurin shi ya fi ƙona mata rai. Haka ta tashi tana ganin uwarta: a zage ta, ta yi shiru, ta dawo gida ta zauna a teburin nan ita kaɗai. Valdirene ta ture farantin. Washegari ta shigar da ƙara.

Cikin mako guda magana ta cika gari. Mata suka taru a ƙofar sinimar da kwalaye, wani ya watsa wa hoton fim ɗin baƙin fenti. Rana ta tara aka daina nuna shi. Wani abokin karatun Valdirene, baƙar fata kamarta, ya tare ta a bakin kotu ya ce fim ɗin ai namu ne, iyayen gida yake yanka ba 'yar aikin ba, ta koma ta ga yadda ya ƙare. Ta ce masa ranar da aka zana tasa uwar ya zo su yi magana.

A rediyo ta ce, "Duk wanda ya yi zanen nan bai taɓa kallon baƙar mace a matsayin mutum ba. Ba zan huta ba sai na ga an ɗaure shi."

Ƙaramin kamfani ne ya fitar da fim ɗin, na wata mata mai suna Cleonice. Ta ce su motsi da murya kawai suka sa wa zanen, kuma ta yi alkawarin ɓoye sunan mai shi. Alƙali ya ba ta zaɓi: ko ta kawo shi ranar Talata, ko ita ta amsa laifin.

Ranar Talata Dona Nilzete ta saka farar rigarta ta zuwa coci, ta ce za ta bi ta kotu. Valdirene ta ji daɗi. Ta zaunar da ita a bayanta daidai, inda kowa zai ga matar da aka wulaƙanta. Ɗakin ya cika maƙil. Otávio na can gefe, ya harɗe hannuwa.

Lauyan Cleonice ya roƙi a bar sunan mai zanen a ɓoye. Ya ce ana ta aiko da barazanar kisa, a tausaya.

Valdirene ta daki tebur. "Shi ya tausaya wa wa? Matsoraci ne. Ya iya zagi a ɓoye, to ya fito ya kalli idon matar nan."

Alƙali ya cire tabarau. Ya ce idan wanda ya yi zanen yana cikin ɗakin nan, ya tashi tsaye.

Valdirene ta juya ta kafa wa Otávio ido. Bai motsa ba. Cleonice ta sunkuyar da kai.

Sai ta ji an taɓa kafaɗarta.

"Riƙe mini jakar nan, 'yata," in ji Dona Nilzete. Ta dafa benci ta miƙe a hankali, ta gyara wuyan rigarta. "Ni ce, ranka ya daɗe. Ni na zana su duka, har da ni kaina."