Kifi a Katakon Tela

Ka ce ba ka ga amfanin buɗe sabon shafi ga kowane aiki ba, wai ɓata lokaci ne. To gyara zama ka ji misalin wani mai zane.

Mutumin nan gwani ne, wannan ba a musu. Yana da ɗan shago a bakin kasuwa inda yake zana allunan talla a kwamfuta, da irin manhajar nan da ke riƙe kowane layi a matsayin hanya, a ƙara masa girma ko a rage bai dusashe ba. Aibinsa ɗaya ne, ganda. Tun ranar da ya buɗe shagon fayil ɗaya yake aiki a ciki. In sabon aiki ya zo, ba ya buɗe sabon shafi ya sa masa awo da suna, ba ya ma goge tsohon. Sai ya zana farin akwati a cikin kwamfutar ya lulluɓe aikin jiya, ya hau kai ya zana na yau. Mai kifi ya zo aka yi masa, aka lulluɓe. Mai burodi ya zo, aka lulluɓe. Haka mai kemis, haka mai gyaran babur. Firinta kuwa abin da ke sama kawai take bugawa, saboda haka takarda kullum fes take fitowa, shi kuma yana yi wa abokan sana'arsa dariya, masu tara fayil kamar masu kiwon kaji.

Ana nan sai ya sayi injin sassaƙa, wanda ke bin zanen kwamfuta yana huda shi a jikin katako. Aikin farko da ya samu na wata tela ce mai shirin buɗe shagonta. Ta zo rungume da wani tsohon katakon maɗaci, ta ce saman teburin mahaifinta ne, marigayi, a kansa ya yi yankan yadi har tsufa ya ci ƙarfinsa, ga ma sawun almakashinsa nan birjik. Sunanta take so a sassaƙa a jiki, a rataye a ƙofar shagon. Ta ce, "Malam, don Allah a yi a hankali, ba shi da na biyu." Ya ce, "Hajiya, sa a ranki an gama." Ya zana farin akwatinsa kamar kullum, ya rubuta sunanta da kyakkyawan rubutu, ya buga a takarda ya nuna mata. Ta ji daɗi har ta sa masa albarka, ta tafi.

Ya ɗaure katakon a inji, ya danna maɓallin tayarwa. Bakin injin ya tashi, maimakon ya nufi tsakiya inda sunan yake, sai ya yi kwana ya tafi can gefe ya fara tona. Mai zane ya dubi kwamfuta, wurin fari fat. Ya dubi katako, ga wani lanƙwasasshen layi yana fitowa. Ya ce a ransa ƙila haka sabon inji yake yi, yana gwada bakinsa ne. Kafin ya gama wannan tunani layin ya zama wutsiya, wutsiyar kuma ta kifin tarwaɗa ce. Ya kashe injin a gigice, ya murza ido, ya sake duban kwamfuta: sunan tela ne kaɗai, ba kifi ba dalilinsa. Kansa ya ɗaure tam. Ya zargi wutar lantarki, ya tayar da janareta. Ya zargi waya, ya cire ya hura ya mayar. Ya zargi wanda ya sayar masa da injin, har ya fara zargin maƙwabcinsa mai shago da sa masa hannu. Da ya ga ya gyara duk abin da ya san ana gyarawa, sai ya yi bismilla ya sake dannawa, don a ganinsa abin da ido bai gani a kwamfuta ba ba zai fito sau biyu ba. Injin ya ƙarasa kifin, ya ratsa ta cikinsa ya fara zana burodi.

Ya sake kashewa, ya zauna gumi na keto masa. Ya ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta, bai sani ba ya kama gefen farin akwatin ya ja. Akwatin ya zame kamar labule, sai ga allon mai gyaran babur. Ya ja na ƙasansa, ga na mai kemis. Ya ja, ga burodi. Ya ja, ga tarwaɗar tana kallonsa. Duk suna nan yadda ya bar su, ko layi ɗaya bai tafi ba. Sai a lokacin ya gane cewa inji ba ruwansa da fari ko baƙi, hanya yake bi, kuma daga ta ƙasa yake farawa.

Da tela ta dawo bai iya haɗa ido da ita ba. Ta ɗauki katakon, ta bi shi da yatsa tana neman sawun almakashin mahaifinta, ta tarar kifi ya cinye rabinsu. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi masa sauƙi. Hawaye ne ya cika mata ido, ta ce, "Malam, babana bai taɓa sayar da kifi ba." Ta naɗe katakon a mayafinta ta fita.

To ka ji. Abin da ka lulluɓe yana nan, jiran ranarsa yake yi. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.