Akwatin da Aka Ce Yana Ƙarya

Bari in ba ka misali da wani injiniya da ya yi shekara ashirin da shida yana gyaran na'urorin jirgin sama. A cikin jirgi akwai wani akwati da ke sa ido a kan inji, yana nuna wa matuƙi zafin injin da ƙarfin mansa. To, akwatin wani jirgi ya tsiro da hali. Da an ba inji wuta za a tashi, sai ya nuna zafi ya wuce kima, matuƙi ya fasa tashi, a sauke fasinjoji, har da masu zuwa ganin likita. A duba inji a tarar lafiya ƙalau. Sau uku ana ciro akwatin a kai wa injiniyan nan, sau uku yana jona shi a teburinsa ya gwada, ya ce bai ga laifinsa ba. Maigidansa ya fara cewa idon dattijo ya yi rauni, lokacin hutawa ya yi. Abokan aiki suka riƙa kewaye teburinsa da kayan gyara. Abin ya yi masa ciwo, amma bai yi musu ba, don shi kansa ya soma zargin idonsa.

Ran nan yana kallon akwatin sai ya tuna wutar lantarkin teburinsa ba ta rawa, ta jirgin kuwa bai taɓa auna ta ba. Ya roƙi a tayar da inji a ƙasa, ya kutsa cikin jirgin da mitarsa, gwiwoyi na ciwo. Ana ƙara wa inji wuta ya ga wutar da ke shiga akwatin tana faɗuwa tana dawowa. Ya bi wayar taƙi bayan taƙi, har ya iske wani noti da jijjiga ta sassauta, laima ta sa bakin wayar ya yi kore. Ashe wutar ce ba ta isar akwatin, shi ya sa akwatin yake faɗin abin da babu. Ya canja bakin wayar, ya ɗaure notin, aka sake gwadawa, akwati ya natsu. Maigidan ya zo ya tsaya, ya ce, "Baba, ka yafe mana." Dattijo ya goge hannu ya ce, "Ba komai, ni ma a tebur na tsaya nema."

Saboda haka in ka ga abin da ka sani da kirki ya canja, mutum ne ko na'ura, bincika abin da ke isa gare shi kafin ka yanke masa hukunci. Hausawa sun ce, ruwa ba ya tsami banza.