Kwabo Mai Huji a Kan Rufi

Ke da kike cewa sai mai hali ke tara tsofaffin kuɗi, zauna in ba ki misali, don tsorona kada ki kwashi ɗan abin hannunki ki zube wa 'yan kasuwa a rana ɗaya.

An yi wani kafinta mai buga rufin kwano, samunsa daga hannu sai baka. Mahaifiyarsa a zamaninta daddawa take sayarwa, mace mai zuciya, ba ta taɓa cin na wani a banza ba. Da tsufa ya ruɗa ta sai ta daina gane shi, ta ɗauka a gidan baƙi take. In an kawo tuwo sai ta laluba gefen zaninta, ta ji babu ƙulli, ta ture kwanon ta ce ita ba ta cin abin da ba ta biya ba. Ya damƙa mata naira, ta juya gaba ta juya baya, ta ce wa zai ba ta abinci da wannan takarda? Tsohuwa ta yi ta ramewa yana kallo. Da ya gane kuɗin zamaninta take nema, ya je kasuwa wurin mai sayar da kayan da, ya taya fataka guda ɗaya, tsohon kuɗin nan na sule biyu, aka faɗa masa farashi, ya ga ya kai aikinsa na mako. Ya dawo gida bai saya ba.

Ana nan aka kira shi kware wani tsohon rufi. Yana zare ƙusa sai wani abu ya gangaro, baƙi ƙirin, da huji a tsakiya. Ashe mutanen da kwabo mai huji suke sawa a ƙarƙashin kan ƙusa don kada ruwa ya bi. Ya roƙi mai gidan, aka ce ya kwashe, ai shara ce. Abokan aikinsa suka samu abin yi: "Mai banki, a ranta mana anini mu sayi mota mana!" Ya tattara abinsa ya kai gida. Kwabon farko ya goge shi da toka da lemun tsami har yana ɗaukar ido, tsohuwa ta jefar ta ce jabu ne. Daga nan ya bar su da baƙinsu, ruwa kawai yake sa musu ya shanya. Ta karɓa, ta ƙulle a zani, ta biya kwabo ta sha koko. Amma tuwo da nama, ta ce wannan sai mai sisi, shi kuwa sisi ba shi da huji, ba a samunsa a kan rufi.

Sai ya shiga bin gidajen tsofaffin mata da damina, yana toshe musu yoyo. In an tambayi ladansa sai ya ce a duba masa ƙasan adudu. Wata ta ba shi toro mai kwabo uku, wata anini biyu, wata ta ce ba ta da komai, ya gyara mata ya tafi. Sai da gero ya fara fitar da kai sannan sisi ya zo hannunsa. Ranar matarsa ta yi tuwo da miyar kuka da nama. Tsohuwa ta kwance ƙulli, ta ajiye sisi a kan tabarma, ta cinye tas, ta suɗe hannu, ta ce, "Malam, ina canjina?" Ya miƙa mata kwabo biyu. Ta ƙara kallonsa, ta zaro anini ta sa masa a tafin hannu, ta ce:

"Kai wa ɗana. Yana nan waje yana wasa da guduma. Yaron kirki ne, ba ya kuka."

Shekara uku ta ƙara a duniya da ƙullinta a gefen zani. Kullum in ta kwanta da rana matarsa ta mayar mata da abin da ta biya. Yau kuɗin suna jere a allon da ya yi musu da hannunsa, daga anini har fataka, ko ɗaya bai saya ba, malaman makaranta har aronsa suke zuwa yi. Aninin nan dai ba ya cikin allo, yana aljihunsa.

Gaskiyar masu iya magana, da tsohuwar zuma ake magani.