Mai Kula da Baba Toader

Likitar ƙauyen ta ajiye abin awon jini ta dubi tsoho Toader. "Baba, ciwonka ba na ƙwaya ba ne. Yunwa ce, da sanyi, da zaman kaɗaici."

Asibitin yana da tsarin tura masu sa kai gidajen tsofaffin da ba su da kowa. Ba a gama cigiya ba wata mata ta ce ita za ta ɗauke shi. Sunanta Sanda, baƙuwa ce daga garin Vaslui, ba ta daɗe da tarewa a ƙauyen ba.

Kullum sai ta zo da tuwon masara da miyar kabeji mai zafi. Ta faskara itace, ta hura murhu, ta shafa masa magani a ƙafafunsa da suka daina ɗaukarsa. Shi kuwa ya yi ta ba ta labarin zamanin da yake aikin gwamnati, lokacin da yara ke jin takunsa su yi tsit. Ita dai sauraro take yi. Hannunta na hagu babu yatsu biyu, da ya tambaya ta ce tsohon ciwo ne.

A hankali ta sallami kowa. Ta ce wa ma'aikaciyar jinya kada ta wahalar da kanta da hawan tudun da gidansa yake. Ta ce wa maƙwabciya Baba ba ya son hayaniya. Asibiti suka yaba mata, suka mai da hankali kan wasu tsofaffin. Toader har ya fara kiranta 'yata.

Ranar da dusar ƙanƙara ta toshe hanyar ƙauyen, Sanda ta zo da safe hannu wofi. Ta watsa ruwa a murhu. Ta kwashe itacen ta fitar. Ta yaye bargunan da ke jikinsa, ta sa wayarsa a aljihu, ta buɗe taga.

"'Yata, wasa kike? Sanyi zai kashe ni!"

"Ba ya kashewa da wuri, Baba. Ta yatsu yake farawa."

"Me na yi miki, don Allah?"

Ta zare makulli daga ƙofa, ta tsaya tana kallonsa yana karkarwa.

"Mu uku ka kulle cikin irin wannan sanyi a ɗakin horo na gidan marayu, Shugaba, saboda guntun burodi. Ni kaɗai na fito da rai."