Folda Biyu, Hoto Ɗaya

Kai da kake ɗokin ganin manhajarka ta fara aiki, zauna ka ji abin da ya sami wani mai ɗaukar hoto a Zariya. Ya ɗan iya rubuta manhaja, sai ya haɗa wata 'yar ƙarama da za ta riƙa kwafe masa foldar hotunan kowane biki zuwa wani wuri a kwamfutarsa, don ya yi gyare-gyarensa a kwafin, asalin yana ajiye. Ya gwada ta, kafin ƙiftawar ido ga folda biyu, sunaye iri ɗaya. Saurin nan bai sa ya tsargu ba. Ya goge hotunan da ke katin ajiyar kyamara, ya shiga kwafin, ya ƙanƙance hotunan wani ɗaurin aure don su yi sauƙin turawa ta waya.

Ana nan sai mahaifin angon ya rasu. Bayan an share makoki angon ya zo shago, ya ce a wanke masa babban hoton da tsohon ya dafa kafaɗarsa, zai rataye a bango, don shi ne hotonsu na ƙarshe. Mai hoto ya buɗe asalin, ya faɗaɗa shi, sai fuskar tsohon ta dagargaje, ba a gane ido ba a gane gemu. Ya buɗe wani, haka. Ga ango tsaye a bayansa yana jira. Ya koma cikin manhajar yana bin ta layi-layi, bai ga kuskure ba. Can dabara ta faɗo masa: ya ɗiga jan tabo a wani hoto cikin kwafin, ya leƙa asalin. Ga jan tabon nan zaune. Ashe manhajar ba ta kwafi komai ba, ƙofa ta biyu kawai ta huda wa ɗaki ɗaya. Duk abin da ya yi ta nan, can ya yi wa.

Angon ya ce, "Malam, lafiya dai?" Mai hoto ya gaya masa gaskiya. Angon ya ce a wanke masa ƙaramin a hakan. Ya fita da hoton da bai fi tafin hannu ba.

Don haka kafin ka taɓa abin da kake kira kwafi, tabbatar ba jikinsu ɗaya da asalin ba. Hausawa suka ce, abin da ya taɓa hanci, shi ke sa ido ruwa.